Yadda Birai Suka Ɗauki Karen Nomau Aikin Gadi

"Ga ta nan, ga ta nanku. Mai gyangyaɗi ya matsa ya ba mai kunne wuri."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To. Kai Ɗanliti, janye ƙafarka daga bakin murhu, ba mu ce za mu ci gasasshen yatsa ba.

An yi wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunansa Nomau. Gona ɗaya gare shi, ta gyaɗa, kuma dutsen da ke bayan gonar cike yake da birai. Matarsa Tabawa sana'arta ƙuli-ƙuli, don haka gyaɗar nan ita ce tuwonsu, ita ce miyarsu, a cikinta kuma za su ware irin da za su shuka baɗi. In birai suka cinye ta, gidan ya mutu a tsaye.

Sai Nomau ya samo ɗan kwikwiyo ya raina don ya yi masa gadi. Siriri ne ƙwarai, shi ya sa aka sa masa suna Tsinke. Kare ne mai son mutane. Nomau kuma ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Gajen haƙuri gare shi, kuma ya gaji sanda daga ubansa, uban ya gada daga kakansa, a cikinsu ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba ko sandar ta iya koyarwa.

Ga yadda abin ya lalace. Nomau zai kira, "Tsinke, zo." Shi kuwa Tsinke yana can bayan danga yana bin fara. Kafin ya gama ya rugo yana kaɗa wutsiya, Nomau ya gaji da jira, sai ya tarbe shi da sanda, wai ya makara. Yau haka, gobe haka, jibi haka. Tsinke ya kwanta a gindin rumbu ya yi tunani irin nasu na karnuka. Ya ga lokacin da yake bin fara ba wanda ya taɓa shi, sai da ya zo aka doke shi. Ya ce ashe zuwan ne laifi. Daga ranar, da ya ji an ce "Tsinke, zo" sai ya matse wutsiya ya nufi gabas, ba ya tsayawa sai ya daina jin muryar.

Gyaɗa ta fara ƙosawa, birai sun fara saukowa, Nomau kuma yana da karen da kira ke kora. Ana nan sai ga Gizo ya shigo garin da jaka a rataye, ciki a lafe. Ya ji labarin a bakin rijiya, ya wuce gidan Nomau ya yi sallama. Ya ce shi malamin karnuka ne, shi ne ma ya koya wa karen wani sarki daka da tankaɗe, har karen yana dama wa gidan fura. Da Nomau ya tambayi ladansa, sai ya ce ba ya karɓar komai, a dai riƙa ba shi ƙanzo da ƙashin da ake zuba wa Tsinke, domin kare mai ƙoshi ba ya ɗaukar karatu. Tabawa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce malamin da ya fara da cinye abincin ɗalibi ita ba ta ga alherinsa ba. Nomau ya ce ta yi shiru, maganar maza ake yi.

"Kayen nan naka zuciya ce ba shi da ita, yanka ya daɗe," in ji Gizo, kun san shi da tsamin baki. Ya ce a kamo zanzaro bakwai, a dake su da barkono, a zuba wa karen a kasko, zai tashi da faɗa kamar su. Nomau ya yini yana bin zanzaro, ya dawo fuska a kumbure har Tabawa ta tambaye shi wa yake nema. Aka daka, aka zuba. Tsinke da yunwa ya lashe. Ya yi atishawa ta farko, jinkar akurkin kaji ta tashi. Ya yi ta biyu, ɗankwalin Tabawa ya sauka a kan tsamiya. Ya yi ta uku, mai unguwa ya aiko a tambaya ko lafiya. Maganin ya ci kuwa, Tsinke ya zama mafaɗaci, sai dai da kaskonsa kaɗai yake faɗan. Tun safe zai tsaya yana yi wa kaskon haushi, birai na wucewa ta bayansa da gyaɗa a ka.

Gizo ya siɗe yatsa ya ce ciwon ya sauko ƙafa. A ɗaure karen da abu mai nauyi, in an kira shi ba zai iya gudu ba, dole ya zo. Aka duba gidan, ba abin da ya kai turmin Tabawa nauyi. Aka ɗaura masa igiya a wuya, aka ɗaure a turmin. Nomau ya gyara murya ya kira. Ku kuwa kun san tsoro ya fi turmi ƙarfi. Tsinke ya ja turmin nan ya fita da shi ta ƙofa, ya bi ta tsakiyar kasuwa, ƙoren masu nono na tashi sama. Wata kaza ta faɗa cikin turmin, kafin ta sami fita ta yi ƙwai biyu. Sai bayan kwana uku aka same su a wani ƙauye, mata na sussuka a turmin, karen na kwance a gefe igiya ta cinye masa wuya. Kwana ukun nan Tabawa ba ta daka ko ƙwaya ɗaya ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Da mai hankali ne da ya kori Gizo a nan. Amma Nomau ya riga ya shiga, kunyar fita yake ji. Gizo ya ce yanzu ya gano ainihin matsalar: tunda karen nesa yake gudu, sandar ce ta yi gajarta. Aka saro gora, aka ɗaura wata a kan wata har guda arba'in. Sai ƙarti shida sun taru suke iya ɗaga ta, kuma in an ɗaga ta da hantsi ba ta sauka sai la'asar. Ta farko ta sauka a kan jakin wani mai tukwane a garin da ke gaba. Ta biyu ta sauka a kogi, ta kashe kifi ɗaya, Gizo ya ce nasa ne. Ta uku kuwa ta sami Tsinke. Sai dai kafin ta sauko, karen ya je gabas ya dawo, ya sha ruwa, ya yi barci, ya farka, kuma daidai lokacin ya ga wani biri a bakin gona ya buɗe baki ya yi masa haushi, karo na farko a rayuwarsa da ya yi wa biri. Haushin na fita, sandar na sauka. Tsinke ya ce to, yi wa biri haushi ma laifi ne, ya kama bakinsa.

Da Gizo ya ga ƙanzon gidan Nomau ya fara raguwa, sai ya hau dutse wurin birai. Ya ce a ba shi gyaɗa cikin jaka ya sayar musu da asiri. Suka ba shi. Ya ce in sun ga karen, su kira shi kawai. Washegari birai suka sauko suka jeru a bakin gona suka haɗa baki, "Tsinke, zo." Tsinke ya ba wa ƙafa iska. Birai suka yi ta dariya har wasu na faɗowa daga kan bishiya.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, in ana ce wa biri mutum. Wata tsohuwar birinya ce, uwar garken, furfura har a gira. Ta ce musu su wawaye ne. Karen da ke gudu ba ya amfanar kowa, alhali Nomau na zuwa musu da majajjawa ba su da mai gaya musu ya taho. Ta ce su bar mata shi.

Ta sami Tsinke a gindin wata kanya, haƙarƙari a waje, ƙudaje na bin gyambon wuyansa. Ba ta kira shi ba, ba ta dube shi cikin ido ba. Ta zauna nesa ta ba shi gefe, ta ɓare gyaɗa ta jefa masa, ta tashi ta yi tafiyarta. Rana ta biyu ta zauna kusa kaɗan, tana ɗan tsotsar leɓe, tsut, tsut. Duk taku ɗaya da ya yi zuwa wurinta, gyaɗa ɗaya. In ya ja da baya, sai ta jira. Rana ta uku ya zo da kansa ya kwanta a gabanta. Ta sa yatsu ta bi jikinsa tana cire kaska ɗaya bayan ɗaya, ta kore ƙudajen, ta tauna ganye ta shafa masa a wuya. Tsinke ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Sauran aikin bai yi mata wuya ba. Duk lokacin da Nomau ya ɓullo a hanyar gona, Tsinke yakan yi ɗan kuka don tsoro. Da ya yi, sai ta jefa masa gyaɗa nan take, ba sai la'asar ba. Kukan ya yi ta girma har ya zama haushi. Kafin sati ya zagayo, birai sun sami mai gadi. Nomau zai taho yana sanɗa da majajjawa, sai ya ji karensa na kansa ya sanar, birai su haye dutse a tsanake suna ɗaga masa harawa.

Abin ya ƙona masa rai, ya ce sai ya ga da wane asiri aka juya masa kare. Ya sa tsohuwar riga mai faci, ya kifa fasasshiyar ƙwarya a ka, ya je gonar tun kafin birai su sauko, ya shimfiɗa hannuwa ya tsaya ya zama mutum-mutumi. Rana ta dake shi. Hankaka ya sauka a kafaɗarsa ya yi abin da hankaka ke yi. 'Ya'yan birai suka riƙa zuwa suna goge hannu a rigarsa. Bai motsa ba. Can sai tsohuwar birinya ta zo ta zauna a inuwarsa, Tsinke ya kwanta a gabanta, tana duba masa kunne. Ta tambaye shi me ya sa ya bar maigidansa.

"Ban bar shi ba, Inna," in ji Tsinke. "A cikin hularsa ya ɗauko ni ina ƙarami, ban manta ba. Abin da yake so ne ban sani ba. Na zo, duka. Na ƙi zuwa, duka. Sai na zaɓi dukan da yake nesa."

Nomau ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa. Kunya ta kama shi, tausayi ya kama shi, hawaye suka biyo ta ƙarƙashin ƙwarya suna ɗiga a ƙasa. Wani ɗan biri ya zo ya gaya wa tsohuwar wai mutum-mutumin nan yana yoyo. Ta ɗaga kai ta dubi ƙafafun, ta gane mai su. Ba ta tona ba. Ta dai juya Tsinke ta ci gaba da cire kaska a hankali, yadda duk mai ido zai ga yadda ake yi. Ko tausayin karen ne ya sa ta, ko raina Nomau ta yi, ni dai ban sani ba.

A ranar kunya uku kacal ta gyaɗa ta rage a gonar, da kaɗan ta wuce irin baɗi. Nomau ya koma gida ya zayyana wa Tabawa komai. Ita kuwa mace ce mai kawaici, sau uku kawai ta ce masa ai ta faɗa. Sannan ta ba shi shawara. Ta ce sunan nan Tsinke ya ƙone, kada ya sake kiran karen da shi, ya riƙa yin fito. Ta fasa tsohon kasko ta ajiye sabo, ta ce wa Gizo ƙanzo ya koma wurin mai shi. Ta cika wa Nomau aljihu da ƙuli-ƙuli, ita kuma ta ɗauki gwangwani da muciya ta je ta zauna a kan kunyoyin nan uku tana kaɗawa, don ta riƙe masa birai kafin ya gama.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma Nomau ba shi da wata ranar. Ya je gindin kanya hannu ba sanda, ya zauna ya ba karen gefe, ya jefa ƙuli. Tsinke ya yini yana shinshinarsa ko da barkono a ciki. Rana ta biyu Nomau ya yi fito a hankali, duk lokacin da karen ya waiwayo sai ya jefa masa. Rana ta uku Tsinke ya matso har ya kusa taɓa gwiwarsa. Sai kan Nomau ya yi ƙaiƙayi, ya ɗaga hannu zai sosa. Ai kuwa karen ya ga hannu a sama, sai gabas. Aka koma farko. Zuciyar Nomau na tafasa, tsawa na zuwa masa har maƙogwaro, sai ya cire hula ya cije don kada ta fito. Kafin kwana bakwai ya cinye rabin hular. A rana ta bakwai ɗin ne Tsinke ya yarda ya kwanta, Nomau ya sa manyan yatsunsa na riƙon fartanya ya ciro masa kaska ɗaya, da ƙyar.

Washegari birai suka gane ashe gwangwani ba ya cizo. Suka sauko gaba ɗayansu, suka zagaye Tabawa, wani ma ya karɓi muciyar yana taya ta kiɗa. Ta ƙwala wa Nomau kira. Ya rugo, Gizo na biye da shi don kada a yi rabo babu shi. Tsinke na can ƙarshen gona kusa da tsohuwar birinya. Nomau ya tsaya a bakin kunya, ya yi fito. Tsohuwar ta ce tsut, tsut. Karen ya dubi nan, ya dubi can.

Sai ya taho wajen Nomau. Amma wace irin tahowa. Ya yi taku biyu, ya zauna ya sosa kunne. Ya yi uku, ya tsaya shinshinar tururuwa. Ya ɗaga ƙafa a jikin kututture. Ya kwanta ya yi tunani, ya tashi. Duk wannan birai na tumɓuke gyaɗa a gaban idon Nomau, yana ji kamar gashin kansa ake tugewa. Kafin Tsinke ya iso, kunya ɗaya ta tafi ƙaf. Ya ƙaraso yana jan ciki, kunnuwa a kwance, ido a runtse, yana jiran abin da ya saba.

Gizo ya tsinko tsumagiya ya danƙa wa Nomau a hannu. "Dubi ɓaynay da ya ja maka, yanka ya daɗe. Ɗaya tak, don ya san ya makaya."

Hannun Nomau ya rufe a kan tsumagiyar da kansa, kamar yadda ya saba. Ya dubi ramin da kunyarsa take a da, ya dubi karen da ke rawar jiki a ƙafarsa. Sai ya saki tsumagiyar ta faɗi, ya durƙusa, ya ciro ƙuli mafi girma a aljihunsa ya miƙa, ya ce masa sannu da zuwa.

Tsinke ya buɗe ido ɗaya. "Shi ke nan, Maigida?"

"Shi ke nan."

"To me kake so in yi?"

Nomau ya nuna masa birai, ya ce waɗannan yake so su bar gonar.

"Au, da ma su ne?" in ji Tsinke. "Ai da ka faɗa tun bara."

Ya juya ya saki haushin da garin bai taɓa ji ba. Birai suka watse, mai riƙe da muciya ya yar, masu gyaɗa a baki suka tofar. Gizo ya ga ƙura ta tashi, ya tuna jakarsa cike take da gyaɗar gonar, sai ya bi su, har ya wuce wasu. Tsinke bai ciji kowa ba. Da ya iso kan tsohuwar birinya sai ya rage gudu, ya raka ta har gindin dutse yana haushin a hankali. Ta hau, ta zauna, ta leƙo Nomau.

"Ba mu sace maka kare ba, mai gona," in ji ta. "Abin da ka yar muka tsinta."

Kunya biyu suka tsira. Ba su ishi ƙuli ba a shekarar, Tabawa sai da ta koma sayar da dafaffen rogo, amma sun ishi iri, baɗi aka shuka gonar daga gefe zuwa gefe. Tsinke ya yi gadinta har ya tsufa, fito ɗaya yake jira ya zo a guje. Sai dai har ƙarshen rayuwarsa, in Nomau ya manta ya ɗaga hannu da sauri, ko da hamma zai yi, karen sai ya runtse ido ya maƙale wuya. Nomau kuma yakan gani. Sai ya sauke hannun a hankali.

To kun ji. Wanda ya zo wurinka, ko ya makara, kada ka tarbe shi da sanda, don zuwan za ka kashe, ba makarar ba. Dabba ba ta ƙi ka ba, ba ta gane ba ne. Nuna mata abin da kake so, in ta yi ka saka mata nan take. Abin da duka ya ɓata, haƙuri na gyarawa, amma ba ya gyara shi duka.

Kungurus kan kusu. In akwai ƙarya a ciki, ku bi Gizo kan dutse ku tambaye shi, ni dai barci nake ji.